Bindiga Ba Ta Tashi Da Kanta

Ranar Asabar ɗin da ta wuce na je ɗaurin aure a wata unguwa bayan Ƙofar Ƙaura a nan Katsina. An shafa fatiha, an raba goro da dabino, manya sun shige ciki cin abinci, mu kuma muka koma gindin dalbejiya inda aka shimfiɗa tabarmi. Cikin waɗanda suka zauna da mu akwai wani matashi mai rakiyar ɗaya daga cikin manyan baƙi. Kaftani ne a jikinsa kamar kowa. Sai da ya tanƙwashe ƙafa rigar ta ɗage, aka hango gindin fistol a ƙugunsa.

Nan take samari suka yi masa caa. "Oga, don Allah mu gani mana."

Ya zaro ta. Yana ba su labari yana jujjuya ta a hannu kamar mai tallan waya. Bakinta ya bi ta kan cikin wani dattijo, ya bi ta kan gwiwata, ya je ya tsaya daidai ƙirjin wani yaro mai tallan ruwan leda da ya saki baki yana kallo. Yatsansa kuwa yana kwance a kan kunama.

Na ce, "Ɗan'uwa, don girman Allah kau da bakinta daga kan yaron nan."

Ya yi dariya har da dukan cinya. "Haba Alhaji, kwantar da hankalinka. Ai tana kan sefti."

Aka bushe da dariya. Wani ya ce Alhaji bai son mutuwa. Na yi shiru, amma tuwon bikin nan bai wuce mini maƙogwaro ba, kuma har yau maganar tana ci mini rai.

Ga matsayina tun kafin mu yi nisa. Makullin da ke jikin bindiga, wato sefti, ɗan guntun ƙarfe ne da ɗan Adam ya ƙera. Yana da amfani, amma ba a jingina ran mutum a kansa. Abin da ke tsare rai shi ne ɗabi'ar mai riƙe da ita: inda ya nufi bakinta da inda ya ajiye yatsansa. Kuma lokaci ya yi da za mu daina cewa "bindiga ta tashi" kamar wata tantabara. Kusan kullum akwai yatsan da ya tashe ta.

Kada wani ya ɗauka kira nake kowa ya nemi fistol ya koyi riƙe ta. Dokar makamai ta Najeriya ta 1959 ta sa fistol da libarba cikin jerin haramtattun makamai, waɗanda ba mai riƙe su sai da izinin shugaban ƙasa. Bindigar farauta irin ta zamani lasisinta na hannun Sufeto Janar, bindigar toka kuma na hannun kwamishinan 'yan sanda na jiha. Amma doka daban, abin da ido ke gani daban. Tun da matsalar 'yan bindiga ta addabi Jibiya, Batsari, Safana, Ɗanmusa, Ƙanƙara da Faskari, makami ya yawaita a tsakaninmu. A watan Agustan 2021 gwamnan lokacin, Aminu Bello Masari, ya fito fili ya ce mutane su nemi makami su kare kansu. A watan Oktoban 2023 Gwamna Dikko Raɗɗa ya ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma ta jiha. Ga sojoji, ga 'yan sanda, ga 'yan banga, ga mafarauta. Waɗannan mutane ƙannenmu ne da surukanmu. Tare muke hawa mota, tare muke bin sahu, wasunsu kuma da bindigar suke komawa gida inda mata da yara suke.

"Ai tana kan sefti"

Ban tsaya duba wace irin fistol ce a hannun matashin nan ba, idona yana kan yaron. Amma kowace iri ce, amsarsa ba amsa ba ce.

Harsashi ƙwanso ne mai albarushi a ciki, a gindinsa kuma akwai wata 'yar ƙaramar hula mai kamawa da wuta idan an sare ta. A cikin bindigar akwai allurar ƙarfe da ke yin wannan saran. Duk wani makulli da ka ji, aikinsa bai wuce ɗayan uku ba: ko ya hana kunama motsi, ko ya hana gudumar da ke bugun allurar faɗawa, ko ya tare gaban allurar. Shi ke nan. Babu makullin da ke juya bakin bindiga daga kan mutum.

Sannan kuma ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. Fistol ɗin da John Browning ya ƙera, wadda sojojin Amurka suka ɗauka a 1911, tana da maɓalli a gefe inda babban yatsa ke kaiwa. In ka tura shi sama ta kulle, in ka danna shi ƙasa ta buɗe. Beretta 92 ta Italiya, wadda sojojin Amurkan suka koma wa a 1985, akasin haka take: ƙasa ne kulle, sama ne buɗe. To mutumin da hannunsa ya saba da ɗaya, aka miƙa masa ɗayar yau da safe, zai iya rantsuwa da Allah cewa ya kulle, alhali buɗewa ya yi.

Glock kuwa, wadda Gaston Glock ya ƙera wa sojojin Ostiriya a 1982 kuma ta cika hannun jami'an tsaro a duniya, ba ta da irin wannan maɓalli sam. Makullanta uku ne: wani ɗan harshe a tsakiyar kunamar, wani abin da ke tare allura a ciki, da wani mai hana ta tashi idan ta faɗi ƙasa. Dukansu uku jan kunama ne ke buɗe su, ɗaya bayan ɗaya. An yi su ne don kada ta tashi idan ta suɓuce ko ta bugu da bango. Ba a yi su don su hana yatsa ba. Wanda ya ɗora yatsa a kan kunamar Glock yana cewa tana kan sefti, kamar wanda ya zura mabuɗi a kwaɗo ne, ya fara murɗawa, yana ce maka ƙofa a kulle take.

Tsohuwar Tokarev ta Tarayyar Sobiyet, wadda aka fara yi a shekarun 1930, asalinta ba ta da maɓallin kulle ko ɗaya, sai dai a ja gudumar rabi ta maƙale. Yawancin libarba ma ba su da shi. Su kuwa waɗanda ake ƙerawa a ɓoye a maƙera, kada ma a tayar da zancen. Wanda ya haɗa bututu da sifirin ɗin keke bai san da wani makulli ba.

Ko na manyan kamfanoni ma ba su fi ƙarfin matsala ba. A 2017, shekarar da sojojin Amurka suka zaɓi fistol ɗin SIG P320, an nuna cewa samfurin da ake sayar wa jama'a yana iya tashi idan ya faɗi ta wata kusurwa, har kamfanin ya ce masu ita su kawo a sauya musu wasu sassa kyauta. Sabuwa ke nan fil daga masana'anta. Ina ga wadda ta shekara ashirin tana yawo daga hannu zuwa hannu, ta sha ƙurar hunturu, ta sha gumi, ba a san ranar da aka shafa mata mai ba?

"Na cire gidan harsashin"

Wannan ta fi ta farko kisa, domin mai faɗinta ya fi samun natsuwa.

Fistol tana da wuri biyu da harsashi ke zama. Akwai gidan harsashi da ake zurawa ta ƙasan mariƙi, wanda wasu ke kira magazin. Akwai kuma maƙogwaron bindigar, inda harsashi ɗaya ke kwanciya yana jiran allura. Da zarar an ja marfin sama baya an sake shi, ɗaya ya hau maƙogwaro. Ka zare gidan ka jefa shi rijiya in ka ga dama, wancan ɗayan yana nan daram.

Akwai waɗanda aka yi musu dabarar hana tashi idan babu gidan a ciki, irin Browning Hi-Power ta 1935. Amma Glock ba ta da wannan, wasu da yawa ma haka. Mai hankali ba ya caca da ƙirjin ɗan mutane a kan wai ko tasa tana cikin masu dabarar.

Yadda ake sauke ta ba wani sirri ba ne, kuma tsarin ba ya karɓar gaba-da-baya. A nufi bakinta inda ko ta tashi ba za ta sami kowa ba. A fara zare gidan. Sannan a ja marfin baya, na maƙogwaro ya fito. A riƙe shi a buɗe, a leƙa da ido, in da duhu a taɓa da ɗan yatsa. Wanda ya fara jan marfi kafin ya zare gidan, ya fitar da ɗaya ne ya ɗora wani a gurbinsa, sai ya zare gidan ya ce babu komai. Haka kawai. Gajiya ko hira ko kiran waya ya ishi mutum ya juya tsarin bai sani ba.

Kuma ba a karɓar "babu komai ciki" daga bakin wani. A watan Oktoban 2021, a wajen ɗaukar wani fim a jihar New Mexico ta Amurka, an miƙa wa jarumi Alec Baldwin libarba aka ce masa babu harsashin gaske a ciki. Ta tashi, ta kashe mai ɗaukar hoto Halyna Hutchins, ta raunata daraktan. Wurin da aka ɗauki ma'aikaciya takanas don kula da makamai ke nan. Kowa ya dogara da cewa wani ya duba.

Abin da Kawu ya sani ba tare da littafi ba

Wani tsohon sojan Amurka mai suna Jeff Cooper, wanda ya buɗe makarantar koyar da harbi a jihar Arizona a 1976, shi ya shahara da dunƙule ladubban riƙe bindiga zuwa huɗu. Ka ɗauki kowace bindiga a matsayin mai harsashi. Kada bakinta ya kalli abin da ba ka yi niyyar hallakawa ba. Kada yatsa ya hau kunama sai ka saita kuma ka yanke shawarar harbi. Ka tabbatar da abin da za ka harba da abin da ke bayansa. Hikimar ita ce sun goyi juna. In ka karya ɗaya, wani zai cece ka. Sai an karya biyu ko uku a lokaci guda ake zaman makoki. Matashin nan namu, a cikin minti ɗaya ya karya uku yana dariya.

Da na fara karanta waɗannan, Kawu na tuna. Maharbi ne a wani ƙauye kan hanyar Daura zuwa Zango, bai taɓa shiga aji ba sai na allo. Bindigar toka gare shi, doguwa, an ɗaure kotarta da fata. In ya dawo daga daji, tun daga bakin gari yake ɗaga bakinta sama. Kafin ya shiga zaure sai ya tsaya ya cire hular da ke kan ramin wutar ya jefa a aljihu. Bindigar tana rataye can saman bango inda ko babba sai ya taka turmi, battar albarushi kuma tana cikin akwatin ƙarfe, mabuɗin a wuyansa.

Ina ɗan shekara tara na haɗa bindigar kara, na saita ƙanwata tana tsakar gida tana wasan 'yar tsana, na ce "tau!" Ban san Kawu na bayana ba. Bai dake ni ba. Ya karɓi karan, ya karya a gwiwarsa, ya ce, "Kai yaro, hannun da ya saba nuna mutum da kara, ran da ya riƙe ƙarfe ba zai yi shawara da kai ba."

Shi ya sa raina ke ɓaci duk Sallah in na ga an cika hannun yara da bindigogin roba masu harba 'yan ƙwallaye, suna saita idon juna, iyaye na dariya. Amma wannan zance ne na wata rana.

"Tsautsayi ba ya wuce ranarsa"

Nan ne ake rufe bakin mutum. Da ka ce sakaci ne, sai a ce kana jayayya da ƙaddara.

Na yi imani da ƙaddara, mai daɗi da marar daɗi. Amma addinin da ya koya mana ƙaddara shi ya fara koya mana ladabin makami, tun ƙarnuka kafin a ƙera bindiga. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Huraira cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana mutum ya nuna ɗan'uwansa da makami, domin bai sani ba ko Shaiɗan ya fizgi hannunsa ya faɗa ramin wuta. A wani hadisin ya umarci wanda zai ratsa masallaci ko kasuwa da kibau ya kama tsininsu da hannu kada su soki wani. An kuma ruwaito hanin miƙa wa mutum takobi a zare. Ka lura, ba a ce "sai in takobin ba shi da kaifi" ba. Nunin kansa aka hana.

Kuma da kisan kuskure ba komai ba ne, da aya ta 92 a Suratun Nisa'i ba ta ɗora masa diyya da kaffara ba, har da azumin wata biyu a jere ga wanda bai sami bawan da zai 'yanta ba. Wato ko ba ka yi niyya ba, akwai nauyi a wuyanka.

Abin da ke ba ni takaici shi ne yadda harshenmu ke wanke mai laifi tun kafin a binne mamaci. "Bindigarsa ce ta tashi." "Harsashi ne ya kuɓuce." Bindiga ta zama mai aikatawa, mutumin ya zama ɗan kallo. In direba ya sha ƙwaya ya take mutum a shataletale ba ma cewa mota ce ta tashi. Ya kamata 'yan jaridarmu na rediyo da masu rubutu a Facebook su riƙa faɗin abin yadda yake: wane ya saki harbi bisa sakaci. In bincike ya nuna ƙarfen ne ya lalace, sai a faɗi hakan, a kuma tambayi wanda aikinsa ne duba makaman.

"Kai ba ka san daji ba"

Wannan hujjar tana da ƙarfi, ba zan raina ta ba. Wani abokina da ya yi aiki a yankin Batsari ya ce mini, "Malam, kana cikin gari kana shan fanka kana maganar sefti. Mu da ake yi wa kwanton ɓauna, sakan ɗaya ne tsakaninka da kabari."

Gaskiyarsa. Ban ce jami'in da ke bakin daga ya riƙa yawo da bindiga wayam ba. Jami'ai a ƙasashe da yawa suna ɗaukar fistol da harsashi a maƙogwaro, kuma haka aka horar da su. Amma sharaɗin shi ne tana cikin kube mai tauri wanda ya rufe kunamar ruf, kuma ba ta fitowa sai da dalili. Ba a soke ta a mazagin wando ba, inda igiya ko gefen riga ko mabuɗin babur zai iya shiga zoben kunama. Ba a kuma zaro ta don burge samari a gindin dalbejiya ba.

Hasali ma tashin hankali shi ne babban dalilin ajiye yatsa a miƙe a gefen bindiga. Jikin mutum yana da wata ɗabi'a: in ka firgita, ko ka yi tuntuɓe, ko ka damƙi wani abu da ƙarfi da ɗaya hannun, yatsun ɗaya hannun ma sukan dunƙule ba da saninka ba. Gwada riƙe kofin shayi wani ya daka maka tsawa ta baya. Nauyin da ake buƙata a ja kunamar Glock kusan kilo biyu da rabi ne, wato kamar tiyar gero. Hannun da ya firgita ya fi haka matsa nesa ba kusa ba. Jami'in da ke tsalle daga bayan mota yatsansa a kan kunama, abokin aikinsa da ke gabansa ya fi ɗan bindigar daji shiga haɗari.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Yatsan da bai saba zama a waje ranar zaman lafiya ba, ba zai koya ranar artabu ba. Tsofaffin hannu kuma su suka fi ba ni tsoro a kan sababbi, domin sabon ɗauka yana jin tsoron abin, shi kuwa wanda ya shekara goma sha biyar da ita ya mai da ita kamar carbi. Sabo turken wawa.

Harbin sama da ƙarƙashin matashi

Wasu za su ce harbi a taro al'adarmu ce, su kawo misalin 'yan bindigar Sarki a hawan Sallah ko Sallar Gani a Daura. Waɗancan albarushi suke ɗurawa don ƙara da hayaƙi. Wanda ya zaro bindigar aiki a wajen kai amarya ya saki harsashin gaske sama, wani abu daban yake yi. Harsashin fistol yana fita da gudun da ya kai mita 350 ko fiye a sakan ɗaya, yana kuma iya tafiya fiye da kilomita guda. Duk abin da ya hau zai sauko, musamman in an harba a karkace, kuma ba ya tambayar gidan wa zai faɗa. A garin da rabin mutane ke kwana a tsakar gida lokacin bazara, wannan ganganci ne tsagwaronsa.

Sai gida. Ƙarƙashin matashin kai ba ma'aji ba ne, saman kwaba ma haka. Duk mai 'ya'ya ya san babu lungun da yaro bai sani ba a ɗakin uwarsa. Tiyar gero kuma ba ta gagari ɗan shekara biyar da ya sa manyan yatsunsa biyu ba, kuma in ya yi haka bakin bindigar fuskarsa yake kallo. Akwatin ƙarfe da kwaɗo, bindiga a sauke, harsashi a wani wurin daban. Uwargida tana da haƙƙin ta ce, "Maigida, ba za ta kwana a ɗakin nan haka ba," kuma ba rashin kunya ta yi ba.

A wuraren ajiye makamai na ƙasashe da dama akan girke ganga cike da yashi a bakin ƙofa. Duk wanda zai karɓi bindiga ko zai mayar, sai ya zura bakinta a ciki ya sauke ta, in an yi kuskure yashi ya sha. Tsohuwar ganga ce da yashi, abin da ko a gulbin da ya fi kusa za a ɗebo a baro. Ina so in ga irinta a ƙofar kowane ofishin 'yan banga da na rundunar tsaron al'umma daga Jibiya har Sabuwa, in kuma ga an hukunta wanda ya nuna mutum da bindiga cikin wasa ko da ba ta tashi ba.

Da za mu watse ranar, na sake ganin matashin a bakin mota yana jiran maigidansa. Ya ɗago mini hannu yana murmushi, "Alhaji, an daina jin tsoron?" Fistol ɗin tana soke a wandonsa ba kube, gefen kaftanin ya cusa cikin zoben kunamar. Yaron mai ruwan leda yana tsugune a gefensa yana ƙirga canji. Na kira yaron na ce ya kawo mini ruwa can tsallaken titi, na saye duk abin da ya rage a bokitinsa, na ce ya wuce gida.